Kafin Ka Zuba Jari: Yadda Ake Gwada Dabarar Sana'a da Kuɗi Kaɗan

Duk shekara, daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, albasa kan cika Sakkwato. Motoci na sauke buhuna a Ramin Kura daga fadamun Goronyo, Wurno, Kware da Gada, farashi ya faɗi warwas. Bayan wata shida ko bakwai, kashin da ake ba ka har da gyara sai ka saye shi kana ƙunƙuni. Kowa na ganin wannan, kuma da wuya a sami matashi mai son kasuwanci da bai taɓa cewa a ransa ba: "Ai da za a busar da ita a ajiye, da an yi kuɗi." Dabarar tana da kyau. Sai dai tsakaninta da sana'a mai ci akwai tambayoyin da ba a amsa su a majalisa, dole sai an taka kasuwa.

Masu koyar da ƙirƙira sun tsara yadda ake amsa su. Makarantar ƙira ta Jami'ar Stanford da ke Amurka ta yaɗa matakai biyar: ka fahimci wanda za ka yi wa abin, ka tantance matsalarsa, ka fito da dabaru masu yawa, ka haɗa samfur, ka gwada. Ba hawan tsani ba ne da ake yi sau ɗaya. Gwaji yakan komo da kai mataki na farko sau biyu ko uku. Za mu bi hanyar da misalin busasshiyar albasa, amma tsarin bai canzawa ko takalmin fatar jar akuya kake son yi, ko manhajar waya, ko kai ƙanƙara unguwa-unguwa a watan azumi.

Fara da kunne, ka bar bakinka ya huta

Raba masu amfani da albasa rukuni-rukuni, don matsalarsu ba ɗaya ba ce: matan gida, masu abincin sayarwa, masu shayi, masu tsire da kilishi, masu haɗa yaji, da 'yan kasuwar da ke ajiya a rudu, wato rumbun albasa na gargajiya. Zaɓi rukuni uku, ka zanta da mutum 15 zuwa 20 a kowanne. In ka yi hira biyar a jere ba ka ji sabon abu ba, rukunin ya isa.

Babban abin da ke ɓata wannan mataki shi ne kara. In ka ce wa dattijo, "Baba, ina son in fara busar da albasa, ya ka gani?" amsar da za ka samu ita ce, "Madalla, Allah shi ba da sa'a." Addu'a ce, ka ce amin, amma kada ka rubuta ta a matsayin ciniki. Saboda haka kada ka ambaci dabararka sam. Tambayi abin da ya riga ya faru, da harshen da mutumin ke magana da shi: "Alhaji, bara buhu nawa kaz zuba ga rudu? Nawa kah hiddo lahiya?" Ko kuma, "Inna, da albasa tay yi tsada kwanan baya, mi kinka sa ga miya?" Mutum yakan yi maka kara a kan abin da zai yi gobe, amma abin da ya kashe jiya yana da lamba. Nemi lambar: nawa, yaushe, a wajen wa, sau nawa a mako.

Sannan ka kalli aikin da idonka. Zauna kusa da mai abinci tun tana yanka har ta sauke tukunya, ka ga kawuna nawa ta yanka, nawa ta zubar saboda ruɓa ko tsiro. Abin da mutane suka saba da shi ba sa kawo shi a hira, don ba sa ganinsa matsala.

Akwai ladubban da in ka tsallake su hirar ba za ta yi albarka ba. A kasuwa, fara gaida shugaban 'yan albasa ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Kada ka tare mai shayi da sassafe ko bayan Magariba, je masa da hantsi. Namiji ba zai shiga gidajen aure ba, don haka tawagarku na bukatar mace da za ta zanta da mata a gida, a Islamiyya ko wajen zubin adashi. Ku tafi ku biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu, ku rubuta kalmomin mutumin yadda ya faɗe su.

A nan ne za ka ci karo da abokin hamayyar da ba ka lissafa da shi ba: gabu. Tun kaka da kakanni ana busar da lawashi a ajiye don miya, kamar yadda ake busar da kuɓewa da tumatir. Wannan labari ne mai fuska biyu. Mutane sun saba da busasshen kayan miya, ba sai ka koya musu ba. Amma kuma suna da mafita mai araha, dole naka ya fi ta da wani abin da za su iya faɗa da bakinsu.

Matsalar a jimla guda

Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da ɗabi'ar tambayar "me ya sa" har sau biyar kafin a taɓa gyara. Yi amfani da ita. A ce mai abinci ta ce ribarta na raguwa a watan Oktoba. Me ya sa? Albasa ta yi tsada. Me ya sa ba ta saya da araha ta ajiye ba? Tana ruɓewa. Me ya sa? Ɗakin ba iska. Me ya sa ba ta ba masu rudu ajiya ba? Kuɗin da za ta ɗaure a buhu shi take juyawa kullum. Ka ga inda aka fito: wataƙila ciwonta rashin kuɗin ajiya ne, ruɓa ta biyo baya. Wanda ya tsaya a tambaya ta biyu zai je ya ƙera mata rumbun da ba za ta iya cikawa ba.

Rubuta abin da ka gano a jimla guda mai ɗauke da mutum, bukata da dalili: "Mai abincin sayarwa na bukatar albasar da za ta saya kaɗan-kaɗan kullum a watannin tsada, domin ba ta da kuɗin sari kuma ba ta da wurin ajiya." In jimlarka ta fara da "mutanen Sakkwato na bukatar...", ba ka gama ba. Abin da aka yi wa kowa, ba a yi wa kowa ba.

Yanzu ku tara mutum biyar ko shida ku nemo hanyoyi. Kowa ya fara rubuta nasa shi kaɗai na minti goma kafin a buɗe baki, saboda in Yaya ko Malam ya fara magana, ƙanana za su bi bayansa ne kawai. Ku tara akalla ashirin, har da na ban dariya: yankakkiyar busasshiya, gari, haɗi da yaji, adashin sari inda mata goma za su haɗa kuɗin buhu, hayar rudu buhu-buhu. Ku zaɓi uku.

Wane zato ne zai kashe sana'ar

Ɗauki babbar takarda ka raba ta gida tara, irin allon da Alexander Osterwalder ɗan ƙasar Suwizalan ya yaɗa: su wa za su saya, me za ka ba su, ta wace hanya zai isa gare su, yaya za ka riƙe su, ta ina kuɗi zai shigo, me kake bukata a hannu, wane aiki za ka riƙa yi, da wa za ka haɗa kai, me za ka kashe. Cika shi da fensir cikin rabin awa. Duk abin da ka rubuta zato ne. Ja layi ƙarƙashin waɗanda in suka zama ƙarya sana'ar ta mutu. A misalinmu uku ne: masu girki za su yarda da ɗanɗanonta, za ta kai wata bakwai ba ta lalace ba, kuma farashinta zai yi ƙasa da na ɗanya a lokacin tsada. Sunan kamfani, tambari da launin leda ba sa cikin masu kisa, amma abin mamaki a kansu ne mafi yawan masu farawa ke kashe kuɗin farko.

Samfurin buhu guda

Kada ka sayi inji. Abin da kake bukata a zagayen farko: kilo 10 na albasa, wuƙa mai kaifi, sikelin kicin, da akwatin busarwa da kafinta zai haɗa maka. Akwatin katako ne mai gindin da aka shafa wa baƙin fenti, murfin farar leda mai kauri ko gilashi da aka karkata wajen rana, ƙofofin iska a ƙasa da sama da aka rufe da ragar sauro, sai faifan raga a ciki. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta ɗumama, ta kwashe damshi ta fita ta sama. In ka toshe ƙofar sama, dafa albasar za ka yi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana aiki kan na'urorin hasken rana, har da na busar da amfanin gona, ya kamata ka leƙa ka ga irin nasu kafin ka ba kafinta aiki.

Ɓare, cire kai da gindi, yanka kauri ɗaya, milimita 3 zuwa 5. Shimfiɗa layi ɗaya, kada wani ya hau wani. Zafin da ake so digiri 50 zuwa 60 ne a ma'aunin Selshiyas. A Afrilu da Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 a inuwa, cikin akwati na iya wuce wannan da tsakar rana, sai albasa ta yi baƙi-baƙi ta ɗauki ɗanɗanon ƙuna. Rataya ma'aunin zafi a ciki, in ya haura ka ƙara buɗe iska. Ta bushe in ta karye ƙaras a hannu. In tana lanƙwasa, da saura. Tabbaci shi ne ka auna faifan, ka sake aunawa bayan awa biyu: in nauyi bai ragu ba, an gama. Kusan kashi 90 cikin 100 na albasa ruwa ne, don haka kilo 9 zuwa 10 na ɗanya ke ba da kilo guda.

Abubuwan da ke ɓacewa sanannu ne. Yanka mai kauri yakan bushe a waje ya bar ruwa a ciki, bayan mako uku ka ga fumfuna. Shanya a fili lokacin hunturu na kawo ƙura da tsakuwa, kuma mai saye da ya tauna ƙasa sau ɗaya ba ya dawowa. Gari na shan damshin iska fiye da yankakkiya, sai ya dunƙule kamar dutse. Ajiye ta a yankakkiya cikin leda biyu a durom mai murfin da ke kamawa, ka niƙa sai dab da sayarwa. Kada ka ƙulle ta da ɗumi, gumin da za ta yi a leda ya isa ya ɓata ta. Jar albasa kan ba da launi mai duhu, fara ta fi haske. Busar da duka biyun ka bar masu girki su zaɓa.

Gwajin ajiya kuwa ba ya son gaggawa. Ware leda 30, rubuta kwanan wata da nauyi a kowacce, ka ajiye su a irin ɗakin da shago yake, ƙarƙashin kwano. Duk wata buɗe uku, ka duba ƙamshi, launi da nauyi. Nauyi in ya ƙaru, ledar na shigar da damshi. Watan Agusta ne alƙali. Abin da ya tsallake damina ya tsira.

Sai an taya ake sanin daraja

Ba masu abinci goma samfur kyauta na mako ɗaya kawai, don su san yadda ake jiƙa ta da yawan da ake zubawa. Bayan haka kyauta ta ƙare. Kafin ka fita sayarwa, rubuta ma'aunin cin jarrabawa a littafi: misali, cikin mutum 20, akalla 8 su dawo su saya karo na biyu da kuɗinsu cikin mako biyu. Dalilin rubutawa tun farko shi ne zuciya na da wayo. In uku suka dawo za ta ce maka ai farawa ce. Sayen farko na iya zama son gani ko kunyar idonka. Na biyu shi ne shaida.

Dokoki uku: ban da dangi da abokai a lissafi, ban da bashi, kuma kada ka canza abu biyu a lokaci guda. In ka sauya farashi da girman leda a mako ɗaya, ba za ka san wanne ya motsa ciniki ba. Waɗanda ba su dawo ba su ne malamanka, je ka same su: "Hajiya, ledar nan ta ƙare ko tana nan?" In tana nan, me ya hana? Wataƙila za ka ji cewa a miya ta yi, amma a wainar ƙwai da kwaɗo ba ta maye gurbin ɗanya. Wannan jimla kaɗai ta cire masu shayi daga allonka ta bar maka masu tuwo da masu yaji.

Akwai matsalar lokaci. Gwajin kasuwa na da ma'ana ne a watannin tsada, busarwa mai riba kuwa a lokacin kakar albasa. Kada ka jira shekara. Sayi kilo 10 da tsadarsa a Oktoba, busar, sayar a farashin da kake nufin sayarwa baɗi. Za ka faɗi 'yan dubbai, amma ka san amsar kafin ka ɗaure dubu ɗari-ɗari a Maris.

In babban mai saye ya nuna sha'awa, nemi kafin alƙalami. Wanda ya ce "kawo ko nawa ne" amma ya ƙi ajiye ko sisi, bai saya ba tukuna. Fiƙihu ma ya san cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san awo, siffa da ranar bayarwa. Zauna da malami ya warware maka sharuɗɗan kafin ka karɓi kuɗin kowa.

Lissafin leda guda

Lambobin nan misali ne don a ga yadda ake lissafin, ka sa farashin ranar da kake ciki. A ce buhu mai kilo 100 ya kama naira 30,000 a kaka. Ɓawo, ruɓaɓɓu da kai da gindi sun ci kilo 15, saura 85, suka bushe suka koma kilo 9. Leda mai giram 50 guda 180 ke nan. Mota da dako 3,000, masu yanka 6,000, leda da takardar suna 25 kowacce, 4,500. Jimla 43,500, wato kowace leda ta tsaya maka a 242. In mai shago ya karɓa a 400, ribar leda 158. Akwatunan busarwa, injin liƙe leda, sikeli da durom a ce 120,000: sai ka sayar da leda 760, buhu huɗu da ɗoriya, kafin ka mai da kuɗin kayan aiki. In leda ɗaya cikin goma ta lalace, kuɗin kowacce ya koma 269, riba 131, adadin ya haura 900. Ka ga yadda ɓarna 'yar kaɗan ke tura ranar hutu nesa. Kuma ba a sa ladan wahalarka ba. Sa shi, in ba haka ba ranar da ka ɗauki yaro aiki ribar za ta ɓace.

Yanzu juya lissafin ta idon mai saye. Leda guda na madadin ɗanya rabin kilo da 'yan kai. In mai shago ya ɗora nasa ya sayar 500, ba ta fi ɗanya araha a farashin sari sai buhu ya haura 90,000. Mai sayen kashi-kashi yana biyan fiye da farashin sari, don haka shi zai fara ganin sauƙinta. Ma'ana kasuwarka ta 'yan watanni ce a shekara, kuɗinka kuma na kwance a durom rabin shekara. Tambayar da za ta biyo baya: me akwatunan za su busar sauran watannin? Tumatir, tattasai, kuɓewa da tafarnuwa na jiran amsa, kowanne da nasa gwajin.

In gwaji ya ƙi

Kada ka watsar da komai, kada kuma ka nace. Duba allon, ka ga gidan da ya rushe, ka sauya shi kaɗai. Masu abinci sun ƙi amma masu yaji sun karɓa: sauya mai saye, ka koma sayarwa kilo-kilo, ka huta da kuɗin ƙananan ledoji. Kowa na so amma farashi ya yi yawa: rage girman leda ko ka tsallake mai shago. Kaya na da kyau amma ba a san shi ba: matsalar hanya ce. Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai sanyaya kayan miya ba da lantarki ba. Sanyin randa ba sabon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Aikin da ya yi shi ne ya sa maginan tukwane na gida suka ƙera, ya raba na farko kyauta, ya kuma zaga ƙauyuka da wasan kwaikwayo a majigi har mutane suka ga amfanin abin. Sau da yawa ƙirƙirar tana wajen isar da kaya ne.

Ka ba kanka iyaka tun farko: zagaye uku, ko wani adadin kuɗi da in ya ƙare ba za ka shiga bashi ba.

Takardu da abokan tarayya

Bayan mutane sun fara dawowa saye, yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe asusun banki da sunan, ka raba kuɗin sana'a da na cefane. Abincin da aka ƙulle a leda don shaguna na bukatar lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma sukan duba wurin da ake aikin, don haka ka tanadi ɗaki na musamman mai tsabta, ba tsakar gida ba. Rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, na taimakawa wajen samun horo da shirye-shiryen tallafi. Duk inda za ka nemi jari, ko banki ko Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba waɗanda ta zaɓa dala 5,000, littafin gwajinka ya fi dogon bayani ƙarfi: mutum nawa ka tambaya, nawa suka saya, nawa suka dawo, nawa leda ta ci.

In Kawu ne zai ba da kuɗi kai ka yi aiki, wannan mudaraba ce: ana raba riba bisa kason da aka amince, asarar kuɗi kuwa na kan mai jari matuƙar ba sakaci ka yi ba. Ku rubuta kason, ranar lissafi, da abin da za a ɗauka a matsayin sakaci, misali barin durom a buɗe da damina, a gaban shaidu biyu. A kakar farko kada ku wuce buhu biyar, ku busar da su kashi-kashi, kowane kashi da lambarsa da kwanan watansa a jikin durom, don in ɗaya ya lalace a san ranar da aka yi shi da wanda ya yanka.